KAZAR HAUSA DA MURAR TSUNTSAYE: GADO NE KO RENO?



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore mana dabbobi da tsuntsaye. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, Sallallahu alaihi wasallam, da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa masu bibiyar wannan zaure, iyaye maza da iyaye mata, darasinmu na yau a kan kaji ne. Da zarar hunturu ya sauka, tambayoyi biyu ne suke ta shigowa. Ta farko: "Malam, wai gaskiya ne murar tsuntsaye ba ta kama kazar Hausa, kajin turawa kaɗai take ɗauka?" Ta biyu: "Me za mu jiƙa musu a ruwa don kada ta kama su?"

Kada wani ya raina maganar. A gidajenmu na Daura, Sandamu, Zango, Ɓaure da Mai'aduwa, kaza ita ce asusun uwargida. Da ita ake sayen maganin yaro, da ita ake zubin adashi, da ita ake fita kunyar baƙo. In akurki ya mutu a kwana biyu, jarin shekara ne ya tafi.

Ga amsar a taƙaice kafin bayani: ƙarfin jikin kazar Hausa gaskiya ne, wani ɓangarensa gado ne, wani ɓangaren kuma reno ne. Amma har yau babu wata kaza a hannunmu, ta Hausa ko ta turawa, da za a ce murar tsuntsaye mai tsanani ba ta kashe ta. To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

*1. WACE CUTA CE WANNAN?*

Ƙwayar cuta ce ta bairos, dangin murar da take kama mutane. Asalin mazauninta tsuntsayen ruwa ne na daji, irin su agwagin daji da dinya. Iri biyu ce: akwai mai sauƙi, wadda kaza za ta yi atishawa, ƙwai ya ragu, ta warke; akwai mai tsanani, irin wadda ake kira H5N1, wadda take iya share akurki cikin kwana biyu zuwa uku.

An fara ganin wannan H5N1 a jikin dinya a kudancin ƙasar Sin a 1996. A 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka rasu. A nahiyar Afirka kuwa, a nan ƙasarmu aka fara tabbatar da ita, a watan Fabrairun 2006, a wata babbar gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna. Kafin watan ya ƙare an tabbatar da ita a Magarya ta ƙasar Nijar, nan maƙwabtanmu ta ɓangaren Ɓaure, kuma a jikin agwagin gida aka same ta, ba a wata babbar gona ba. A farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Ta sake ɓullowa a Kano da Katsina a 2008, ta dawo da ƙarfi a 2015, ta kuma dawo a 2021. Kun ga ke nan ba labarin nesa ba ne.

Ta fi tashi daga Disamba zuwa Fabrairu, saboda ƙwayar tana daɗewa da rai a cikin sanyi da danshi, kuma lokacin ne tsuntsayen Turai da Asiya suke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru da sauran wuraren ruwa. Bayan ta shigo, mu ne muke yawo da ita: a kejin kaji, a kwandon ƙwai, a ƙasan takalmi, a tayar babur, a kashin kajin da ake kai wa gona.

*2. GADO: ABIN DA KAZA TA ƊAUKO DAGA IYAYE*

Maganar gado ba baƙuwa ba ce a addininmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Balaraben ƙauye da ya zo yana shakkar ɗansa saboda launin yaron ya saɓa da nasa. Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi ga raƙumansa: jajaye ne, amma akwai mai launin toka a cikinsu. Mutumin da bakinsa ya ce wataƙila daga kakannin raƙuman launin ya fito, sai aka nuna masa cewa haka ma ɗan nasa. Wato siffa tana iya kwanciya a zuriya, ta tsallake uba, ta fito a jika.

Masana na yau sun gano inda wannan gadon yake a rubuce. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai wani dogon zare da ake kira DNA, an rubuta shi da baƙaƙe huɗu kacal, ana ta jujjuya su. Na kaza ya kai kimanin baƙi biliyan ɗaya, an naɗe shi a ƙunshi 39, kowane ƙunshi tagwaye ne, ɗaya daga zakara, ɗaya daga kaza. An karanta rubutun kaza gaba ɗayansa a 2004. Kowane yanki na rubutun da yake ba da umarnin abu guda, shi ne ƙwayar gado.

Kuna ganin aikinta da idonku a tsakar gida. Kaza mai tsiraran wuya, ƙwayar gado ɗaya ce ta rage mata gashi, shi ya sa ta fi jure zafin bazara. Durgu mai gajerun ƙafafu, gado ne. Mai murɗaɗɗen gashi, gado ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To, akwai ƙwayar gadon da take hana murar tsuntsaye? Ga abin da bincike ya tabbatar, guda huɗu:

*Na ɗaya, sirrin agwagwa.* A 2010 masana a jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada sun gano cewa agwagwa tana da wata ƙwayar gado mai suna RIG-I, wadda aikinta kamar na mai gadin ƙofa ne: da bairos ya shigo sai ta yi kururuwa, garkuwar jiki ta tashi da wuri. Kaza ba ta da wannan mai gadin, duk kajin duniya, har da ta Hausa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa agwagwa take iya ɗauke da cutar tana yawonta lafiya lau, tana zuba ta a kashi da ruwan sha, kaji suna faɗuwa. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

*Na biyu, ƙwayar Mx.* A 2002 masana a Japan sun ga kaji sun kasu biyu a kan wannan ƙwayar, bambancin ɗigo ɗaya, kuma a gwajin kwalba wani nau'in ya nuna alamar tare bairos. Aka yi ta murna, aka yi ta neman nau'in a kajin gargajiya na ƙasashe da dama. Da aka zurfafa gwaji daga baya, sai aka ga bai isa ya kare kaza daga murar ba.

*Na uku, kajin da suka tsira.* A annobar Amurka ta 2015 an yi asarar tsuntsaye kimanin miliyan 50. A wasu gonaki 'yan ƙalilan sun rage da rai. Masana suka duba gadonsu suka kwatanta da na sauran, ba su sami ƙwaya ɗaya tak da za a ce ita ce ta cece su ba. Juriya aikin gayya ce ta ƙwayoyi masu yawa, kowace da ɗan abin da take kawowa.

*Na huɗu, kajin da aka gyara wa rubutu.* Bairos ba ya iya hayayyafa da kansa. Sai ya shiga ƙwayar jikin kaza ya ari wani ma'aikaci mai suna ANP32A ya yi masa aiki. Masana a cibiyar Roslin ta Sikotland da wata jami'a a Landan suka canza ɗigo biyu a rubutun wannan ma'aikacin don kada bairos ya iya riƙe shi. Sun bayyana sakamakon a Oktoban 2023. Da aka sa wa kajin mura mai sauƙi gwargwadon yadda ake kamuwa a al'ada, 9 cikin 10 ba su kamu ba. Da aka ninka ƙwayar sau 1,000, rabinsu suka kamu, kuma bairos ɗin ya sauya kama, ya koma amfani da 'yan'uwan ma'aikacin guda biyu. Waɗannan kajin a ɗakin bincike suke. Duk wanda ya kawo muku 'yan tsaki ya ce irin da mura ba ta kamawa ne, ku riƙe kuɗinku.

*3. WASALI: YADDA AKE KARANTA GADON*

Nan ne wurin da ya fi ban mamaki, kuma duk wanda ya yi makarantar allo zai gane shi da sauri. Mun fara da babbaƙu, sannan farfaru. Ɗauki baƙaƙe uku: kaf, ta, ba. In ka sa musu wasali iri ɗaya sai su zama kataba, ya rubuta. Ka canza wasali, kutiba, an rubuta. Ka sake canzawa, kutub, littattafai. Baƙaƙen suna nan yadda suke, ma'ana ta canza.

Haka rubutun jiki yake. Baƙaƙen DNA su ne gado. Amma akwai wasu ƙananan alamomi da suke mannewa a kansu, mafi shahara wani sinadari da ake kira metil. In ya manne a bakin ƙwayar gado, yawanci sai ta yi shiru, kamar an ɗora mata ɗauri. In ya tashi, sai a karanta ta. Wannan fannin turawa suna kiransa efijenetik, mu a nan bari mu kira shi wasalin gado. Abin da yake taɓa wasalin nan kuwa shi ne abinci, zafi, sanyi, wahala da cuta, musamman a farkon rayuwa.

Ku dubi ƙudan zuma. Sarauniya da ma'aikaciya duk mata ne, daga irin ƙwai ɗaya. Wadda aka ci gaba da ciyar da ita abinci na musamman tun tana tsutsa, ita take zama sarauniya, ta girma, ta yi shekaru tana zuba ƙwai. 'Yar'uwarta kuwa makonni take yi a lokacin aiki ta mutu. Masana a Ostireliya sun nuna a 2008 cewa alamomin metil suna da hannu a wannan bambancin. Tsarki ya tabbata ga Mai halitta.

A kaji ma an gani. Kwanci kwana 21 ne. An gwada ƙara ɗumin injin ƙyanƙyasa zuwa digiri 39.5 na awa 12 a kullum, daga kwana na 7 zuwa na 16, sai tsakin suka tashi sun fi jure zafi, kuma aka sami sauyin alamomi a kan gadonsu. Wannan aikin ƙwararru ne da ma'auni, kada mai inji a gida ya gwada, zai dafa ƙwansa ne kawai.

Game da mura kuwa, akwai wata kazar gargajiya ta ƙasar Masar mai suna Fayumi, daga yankin Fayyum, wadda a halinta ta yi kama da tamu: ƙarama, mai zafin nama, mai kiwon kanta. An kwatanta ta da farar kazar ƙwai ta turawa, aka ga ta fi ta jure mura mai sauƙi da wasu cututtuka. Da aka duba huhunsu, sai aka sami bambanci a baƙaƙe, aka kuma sami bambanci a wasalin wasu ƙwayoyin gado na garkuwar jiki. A lura da kyau, mura mai sauƙi aka ce. A Masar ɗin kanta, H5N1 ta yi ɓarna sosai a kajin gida tun 2006, kuma mata da yara masu hulɗa da kajin suna cikin waɗanda ta fi kamawa.

*4. TO ME YA SA AKE GANIN KAMAR TA HAUSA BA TA MUTUWA?*

Dalilai uku ne. Kazar Hausa ta yi ɗaruruwan shekaru tana fama da zafi da yunwa da tsutsar ciki da shaho. Raunanan sun tafi, masu ƙarfin suka bar baya. Kajin gidan gona kuwa an tace su ne don nama ko ƙwai, gadonsu kusan iri ɗaya, ga su dubbai a ɗaki ɗaya suna shaƙar numfashin juna, in ta kama ɗaya ta kama duka. Sannan in dubu biyar suka mutu a gona, rediyo zai faɗa. In bakwai suka mutu a gidan wata baiwar Allah a ƙauye, sai a ce iskar hunturu ce, a jefar a bola.

Akwai kuma wata cutar da ake rikita su, wato Niyukasil, mai sa kaza ta murɗe wuya, ta yi koren zawo, ita ma a hunturu. Da ido ba a iya raba su, sai an kai samfuri ɗakin gwaji, irin na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato. Niyukasil tana da rigakafi mai araha, har da wanda ake ɗigawa a ido, wanda Vom take yi. Murar tsuntsaye kuwa, tsarin da hukuma ta bi tun 2006 shi ne killace wurin da kashe kajin da suka kamu.

*5. ME ZA A JIƘA MUSU?*

Sana'ata ce, don haka ku ji daga bakin mai ita. Tafarnuwa, citta, garin zogale da habbatus sauda suna da amfani ga kaza: suna buɗe ciki, suna ƙara ƙarfin jiki. Ɓawon maɗaci da ganyen bedi iyayenmu sun daɗe suna jiƙa wa kaji. Amma babu ɗaya a cikinsu da aka tabbatar yana tsayar da H5N1 in ta shiga akurki. Falalar habbatus sauda ta tabbata a hadisi, ba ma jayayya. Sai dai malamai irin su Imam Khaɗɗabi sun yi bayanin cewa lafazin gamamme ne da ake nufin keɓantaccen abu da shi. Kuma Annabin da ya faɗi falalarta, shi ne ya hana a kai raƙuma marasa lafiya cikin masu lafiya, shi ne ya hana shiga garin da annoba ta sauka ko fita daga cikinsa. Da wannan Sayyidina Umar ya yi aiki lokacin da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba. Killacewa sunna ce.

Kafso ja da yalo da ake farkewa a zuba a ruwan kaji, shi ma ba ya kashe bairos. Asarar kuɗi ce, kuma yana koya wa wasu ƙwayoyin cuta taurin kai.

*6. ABIN DA YAKE HANNUNKU*

_Ta fuskar gado:_
• Maigida, kada ka riƙa yanka zakaran da ya fi kowanne girma da lafiya ranar Sallah, ka bar ƙanjamamme yana bin kaji. Haka iri yake lalacewa. Mai kyan shi ake bari.
• Uwargida, kazar da take kwanci da kyau, take raya 'ya'yanta, ba ta yawan ciwo, ita ce jarinki. In buƙata ta taso, sayar da wata.
• A riƙa canza zakara duk shekara ɗaya ko biyu daga wani gida mai lafiya, don kada uba ya yi ta bin 'ya'yansa.
• In kuna kiwon Noiler ko Shika Brown, wadda aka samar a cibiyar Shika ta Zariya, madalla, amma kada ku bari irin na Hausa ya ɓace a gida.

_Ta fuskar reno:_
• Kada a ba kaji hatsi, dusa ko tunkuzar da ta yi fumfuna. Gubar da ke ciki tana karya garkuwar jiki.
• Ruwa mai tsabta kullum, inuwa da bazara, kariya daga iska da hunturu, akurki kuma kada ya cushe.
• A yi rigakafin Niyukasil kafin sanyi ya shigo.

_Ta fuskar tsaro:_
• A raba makwanci da mashayar agwagi da na kaji. Kun dai ji dalili a sama.
• Kazar da aka sayo daga kasuwa, ko ta Mai'aduwa ce ko ta ƙauye, ko kyauta aka ba ku, a ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta shiga cikin sauran. Wadda aka kai kasuwa ba a sayar ba, ita ma haka.
• Masu zama kusa da dam ɗin Sabke ko Daberam, ko wani tafki, a hana kaji da agwagi zuwa bakin ruwa a hunturu. Yara kada su ɗauko mataccen tsuntsu.

*7. IDAN MUTUWA TA FARA*

Alamomin su ne: kaji suna faɗuwa farat ɗaya, da yawa a kwana ɗaya ko biyu, kai da fuska sun kumbura, zanko ya yi shuɗi ko baƙi-baƙi, jini ya kwanta a ƙwauri, numfashi da ƙyar, ƙwai ya tsaya.

In kun ga haka, a sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ko mai unguwa a ranar. Kada kaza ko ƙwai ko taki ya fita daga gidan. Matattun a ɗauke su da leda a hannu, a rufe hanci, a binne a rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba, a wanke hannu da sabulu.

Yanzu ga inda imani yake shigowa. Na san abin da zuciya take rayawa: a kwashi sauran a ruga kasuwa kafin su mutu. Ɗan'uwa, wannan ha'inci ne. Ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma a nan ba mai saye kaɗai ka cuta ba, ka kai wuta gidansa da gidajen maƙwabtansa. Kuɗin kaza biyar ba su kai haƙƙin unguwa guda ba.

Sai kuma masu rige-rigen sa wuƙa kafin ta cika. A fiƙihu, in da sauran rai yanka yana iya inganta, amma ingancin yanka daban, cutarwa daban. Haɗarin yana wajen yanka da figa da gyaran ciki, inda jini da majina da ƙurar gashi suke shiga ido da hanci, kuma mata da yara ne suke wannan aikin. Daga 2003 zuwa yau H5N1 ta kama mutum sama da 800 a duniya, kusan rabinsu sun rasu. Kamuwar mutum ba ta da yawa, amma in ta zo ba ta zuwa da wasa. Wadda ta mutu da kanta kuwa mushe ce, babu magana. Kaza mai lafiya da ƙwai, in an dafa su sun dahu sosai, babu jan nama, babu ruwan gwaiduwa, a ci babu fargaba.

Duk wanda ya taɓa irin waɗannan kajin, sannan cikin kwana goma ya ji zazzaɓi, tari, ko idonsa ya yi ja, ya tafi asibiti, kuma ya faɗa wa likita maganar kajin da bakinsa. Kada ya tsaya jiƙe-jiƙe a gida.

Allah Ya tsare mana lafiyarmu da ta iyalanmu, Ya sa albarka a abin da muke kiwo, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Wallahu a'alam.

A tura wa 'yan'uwa, musamman iyaye mata masu kiwo. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Wassalamu alaikum warahmatullah.